Yadda Maginiyar Adar Ke Baƙanta Tukunya

A ƙasar Japan akwai wasu ƙananan kwanonin shayi guda uku, baƙaƙe wuluk masu ɗigon sheƙi, da aka ɗauka dukiyar ƙasa ce. A lardin Fujiyan na ƙasar Sin aka toya su, zamanin daular Song (960 zuwa 1279). Maginan can suna shafa wa kwano wani ruwan ƙasa da toka mai yawan sinadarin ƙarfe, su toya shi da zafi wajen digiri 1,300 har shafin ya narke ya zama gilashi. Baƙi suka zaɓa don farin kumfar shayi ta fito sarai.

Maginiyar Adar, ta Madawa ko Buza ko Keita, ba ta da irin tandarsu, amma ita ma ta san hanyar fitar da baƙi daga wuta. Sana'ar ta daɗe a hannun Adarawa: tun a 1929 wani Bature, Nicholson, ya yi rubutu kan Adarawa masu ginin tukwane a Sakkwato.

Daga fadama ake farawa. Ta haƙo yumɓu, ta shanya, ta farfasa, ta jiƙa shi ya kwana. Yumɓu zalla tsagewa yake yi, don haka sai ta daka tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, ta tankaɗe, ta zuba. Wata ta ƙara ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki. Babu mudu a nan. Yatsunta ne ke gaya mata ya isa, in curin ya daina manne wa tafi amma bai ruguje ba.

Sai ta ɗora curin a ɗan ramin da aka gyara a ƙasa, ta ɗauki dundunge, wani toyayyen yumɓu mai kai kamar taɓarya guntuwa. Dama na bugu, hagu na juyawa. Kowane bugu yana ture yumɓun gefe, bango na tashi yana sirancewa, har cikin tukunya ya kewaye hannunta. Kaurin bangon da kunne take aunawa da kuma nauyin bugun. Matasan da ke zaune a inuwa suna jiran shayi ya tafasa sukan ga kamar wasa ne, alhali bugu ɗaya da ya wuce kima ya isa ya huda aikin safiya. Baki da wuya daga baya ake ɗora su da murɗaɗɗen yumɓu, a lailaye da jiƙaƙƙen tsumma.

In ta sha iska a inuwa, ta yi tauri amma da sauran danshi, sai a goge ta da ƴaƴan kuka da aka shirya a zare. Wannan gugar ce ke danne ƙwayoyin yumɓu su kwanta, kuma daga ita sheƙi ke zuwa.

A matoya ake jera tukwane a kife, a lulluɓe da kara da itace da kashin shanu, galibi in iska ta kwanta. Tukunyar da ta sha iska a wuta ja take fitowa, domin ƙarfen da ke cikin yumɓu haka yake yi in ya haɗu da iska. Mai son baƙi sai ta hana ta iskar: tun tukunya na jajir ta zaro ta da dogon sanda, ta binne ta cikin ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin ba ya samun damar ci da harshe, sai ya turnuƙe, hayaƙin ya shige ƙofofin jikin tukunyar ya zauna. Wasu kuma ruwan bagaruwa suke yayyafa mata da zafinta. Jinkiri kaɗan, tukunya ta huce, baƙin ba zai kama ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta san wadda ba a baƙantawa. Tulu da randa ana barin ƙofofinsu a buɗe don ruwa ya riƙa tsattsafowa yana sanyi. Tukunyar miya ce ke son toshiya. Ranar kasuwa mai saye takan ƙwanƙwasa ta da yatsa: in ta yi ƙara garau ta toyu, in muryar ta dushe akwai tsaga a ɓoye.