Gwanintar gane liyari na gaskiya

Tun kafin kwabo da sule su shigo ƙasar Hausa, fataken da ke ratso Sahara daga Tarabulus, su biyo ta Agadas da Damagaram, suna zuwa da wata ƙatuwar tsabar azurfa da ake kira liyari. Fuska ɗaya hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ne, ɗayar kuma mikiya mai kai biyu. A 1851, lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano, ana canjin guda ɗaya a kan wuri 2,500.

Abin da ke burge ni shi ne yadda tsohon maƙerin fari ke tantance shi. Shekarar da ke jiki ba ta taimakonsa, domin 1780 ake ta bugawa, shekarar da sarauniyar ta rasu, ko a Günzburg ta Jamus aka buga, ko a Biyana, Landan ko Bombai. Sai dai hannu da kunne da ido.

Da farko yakan jinjina shi a tafin hannu. Na gaskiya giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. Sannan ya ɗora shi a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa da wata tsabar, ya kasa kunne. Azurfa na da zaƙin amo mai daɗewa, wanda aka cuɗa da dalma kuwa nan take yake yin shiru. Daga nan ya murza gefen da babban yatsa, ya ji tudun haruffan da ke zagaye. Jabun da aka zuba a ƙasa yakan bar ƙananan ramuka. A ƙarshe ya dubi ƙwayoyin adon kafaɗar sarauniya: in sun shafe, tsabar ta sha hannu, nauyinta ya ragu.

Gwani ba ya goge baƙin tsufa, domin shi ne shaidar shekaru. An riga an narkar da liyari masu yawa an yi mundaye da zobba. Duk wanda ya tarar da guda a adudun kakarsa, ya kai wa masani kafin ya sayar a kan sikeli. Samarinmu kuma su zauna gaban waɗannan dattawa, su koyi wannan ilimi tun masu shi na raye.