Faifan dala ɗari da ɓangaren labarin da ake tsallakewa

A watan Oktoba na 2013, Nipsey Hussle, mawaƙin hip hop ɗan unguwar Crenshaw a birnin Los Angeles na Amurka, ya buga kwafi 1,000 na faifansa mai suna Crenshaw, ya sa wa kowane ɗaya farashin dala 100. Waƙoƙin nan kuwa ya sake su kyauta a intanet, duk mai so ya sauke. Duk da haka jama'a suka yi layi, cikin kwana ɗaya kwafin suka ƙare. Mawaƙi Jay-Z ma ya sayi guda 100. Tun daga lokacin wannan labari ya zama abin da samarin mawaƙa ke kafa hujja da shi idan za su ce ba su buƙatar kamfani, ba su buƙatar ƙungiya, su kaɗai sun ishe kansu.

Ni dai ina ganin an ɗauki kan labarin an bar gangar jikinsa.

Ermias Asghedom, sunansa na yanka ke nan, ɗan wani mutumin Eritiriya ne, kuma bai faɗo daga sama da faifan dala ɗari a hannu ba. Tun 2005 yake sakin waƙoƙi a unguwa. Ya ma taɓa shiga hannun babban kamfani, Epic Records, inda aka yi ta ɗage fitowar kundin waƙoƙinsa har aka rabu a 2010 ba tare da ya fito ba. Bayan nan ne ya tsaya da ƙafarsa a ƙarƙashin kamfaninsa na kansa, All Money In, ya saki The Marathon a ƙarshen wannan shekarar. Mutanen da suka ba da dala ɗari a 2013 ba baƙi ba ne da suka gan shi jiya. Sun shafe shekara takwas suna jin sa, wasu sun sayi riga ko faifai daga hannunsa a bakin titi. Kuɗin da suka biya ba na waƙa ba ne, tunda waƙar kyauta ce. Sun biya ne don a san suna tare da shi.

Wani abin da ake mantawa shi ne bai taɓa zama shi kaɗai ba. Yayansa Samiel, wanda aka fi sani da Blacc Sam, shi ke riƙe da harkar kasuwancin. Shagon tufafinsu, The Marathon Clothing, da aka buɗe a 2017 a mahaɗar titin Slauson da Crenshaw, aikin iyali ne da abokai. Akwai masu kiɗa, akwai masu lissafi, akwai lauya. Sunan mutum ɗaya ne a jikin faifan, amma ƙarƙashinsa akwai jama'a. Idan yaro ya fita daga ƙungiyar abokansa da fushi, ya ce daga yau shi ne mawaƙi, shi ne manaja, shi ne mai talla, shi ne mai karɓar kuɗin wasa, ban kira wannan cin gashin kai ba. Wahala ce kawai aka sa mata hula.

Sai kuma ɓangaren da masu son labarin ba su cika faɗa ba. Lokacin da ya tashi fitar da cikakken kundinsa na farko, Victory Lap, a watan Fabrairu na 2018, da babban kamfani ya haɗa hannu, wato Atlantic Records. Wasu suka ce ya ci amanar aƙidarsa. Ban yarda ba. Ya koma teburin ciniki ne da kaya a hannu: masu sauraro da ya tara da kansa, shago mai kawo kuɗi, da kuma haƙƙin mallakar waƙoƙinsa, wanda ya sha nanata cewa bai sayar ba. Wanda ya shiga ofishin kamfani yana roƙo da wanda ya shiga ana neman sa ba kwantiragi iri ɗaya ake miƙa musu ba. Kundin ya shiga takarar Grammy. Shekara guda bayan fitowarsa, ranar 31 ga Maris 2019, aka harbe shi a ƙofar wannan shago nasa yana da shekara 33.

Ko Chance the Rapper na Chicago, wanda ya ci Grammy uku a 2017 ba tare da sa hannu da kamfanin waƙa ba, shi da bakinsa ya ce Apple Music ta biya shi dala 500,000 don kundinsa Coloring Book ya fara fita a manhajarta ita kaɗai na mako biyu. Ba laifi ba ne. Amma yana da kyau mai kwaikwayo ya san akwai wannan kuɗin a bayan labule.

Abin ya shafe mu saboda mafi yawan masu gambarar zamani a Kaduna da Kano da Jos ba zaɓar zaman kansu suka yi ba, babu kamfanin da ya zo ne tun farko. Su ke biyan situdiyo, su ke biyan mai bidiyo, su ɗora a YouTube da Audiomack su zauna ƙirga masu kallo. Abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne takarda. An ɗauki waƙa da abokai uku, ba a rubuta wa ya mallaki kiɗan ba, ba a rubuta kason kowa ba, shafin da aka ɗora ta kuma da lambar wayar mutum ɗaya aka buɗe shi. Ranar da waƙar ta karɓu, ɗaya ya ce zai fita ya yi tasa shi kaɗai, sai a tarar duk waƙoƙin da suka sa aka san shi suna hannun wanda ya riƙe kalmar sirrin shafin.