Ruwan Bagaja da Maƙamar Hariri

Ɗalibanmu da dama suna ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin ɓata lokaci, alhali a zaurukan Katsina an daɗe ana karantar da Maƙamat ta Hariri, wanda ya rasu a 516 bayan Hijira. Maƙamomin nan hamsin ƙage ne, kuma gwarzonsu, Abu Zaid, mayaudari ne.

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya karanta Maƙama tare da Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana koyarwa a Midil ta Katsina, aka buga a 1934. Yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta haɗuwa gari-gari yana tuna haɗuwar Harisu da Abu Zaid.

Hariri ya fi zurfin lugga, Imam kuwa ya fi sanin mutanenmu. Inda Alhaji Imam, da jahilcinsa, ya kayar da Zurƙe a gaban jama'a, ya nuna cewa in masu sauraro ba su da ilimi, mai baki ke cin muƙabala. Mai shirin hawa mumbari yana bukatar wannan darasi.