Bindiga Mai Ruwa da Faɗuwar Ƙasar Hausa: Tsokaci Kan Ra'ayin Headrick

1.0 Gabatarwa

A littafinsa The Tools of Empire na 1981, Daniel Headrick ya kafa hujja cewa jirgin ruwa mai hayaƙi da maganin kwini da bindigogin zamani su suka buɗe wa Turawa ƙofar Afirka a ƙarni na 19. Wannan maƙala za ta auna ra'ayin da ma'aunin tarihin ƙasar Hausa, musamman tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja a yau.

2.0 Inda Ra'ayin Ya Tsaya da Ƙafarsa

A 1841 zazzaɓi ya hallaka da yawa daga cikin Turawan da suka hau Kogin Neja. A 1854 kuwa, Dakta Baikie ya shiga Binuwai da jirgin Pleiad yana shayar da mutanensa kwini, ya komo bai rasa Bature ko ɗaya ba. An ƙera bindigar Maxim a 1884, sannan yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Sakamakon ya bayyana a Bida a 1897, da Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, inda doki da lifidi suka kasa isa ga sahun sojan Nasara. Harshe ma shaida ne. Bahaushe ya lura da ruwan da ke sanyaya bakin Maxim, ya raɗa mata suna bindiga mai ruwa.

3.0 Inda Ra'ayin Ya Gaza

Abuja, wadda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828, ta gagari sarakunan Fulani na Zazzau fiye da shekara 70, amma ta shiga hannun Ingila a 1902. Mai bin Headrick zai ce igwa ce ta yi aikin. To, sai dai bango bai tsage a banza ba. A shekarar nan Sarkin Zazzau Kwasau da kansa ya nemi taimakon Turawa saboda barazanar Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora. Kano kuwa ba ta gama farfaɗowa daga basasar 1893 zuwa 1895 ba. Haka kuma kisan da Magajin Keffi Ɗanyamusa ya yi wa Kyaftin Moloney a 1902 shi ya ba Lugga dalilin kai wa Kano hari.

Abu na biyu, wa ya ɗauki bindigar? Rundunar da aka kafa a 1897 hafsoshinta Turawa ne, amma akasarin sojojinta Hausawa ne da Yarbawa. Da Hausa aka riƙa sarrafa da yawansu, kuma tafintoci da 'yan leƙen asiri su ne idon Bature da kunnensa. Ashe harshe ma kayan yaƙi ne, alhali littafin bai ba shi babi ba. A Satiru a 1906, talakawa masu gatari da fartanya sun karya wata rundunar Nasara, kafin a turo wata ta ƙone garin.

4.0 Kammalawa

Headrick ya yi daidai wajen bayyana saurin cin ƙasar da arhar da aka ci ta. Amma bai bayyana dalilin da ya sa kowane birni ya fuskanci igwa shi kaɗai ba. Cike wannan giɓi aiki ne na manazarta harshe, ta hanyar komawa ga waƙoƙin ajami na zuwan Nasara da wasiƙun sarakuna na wancan zamani.