BABI NA HUƊU: BEGEN KALLON DA A ƘANƘARA DA FASKARI DA SABUWA

4.1 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin shigowar majigi da silima da talabijin ƙasar Hausa. A wannan babi kuwa za a dubi abin da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke faɗa game da kallon da, sannan a auna maganar tasu da abin da ke ƙunshe cikin finafinan da wasannin kansu. Kusan duk dattijon da aka zanta da shi a lokacin wannan bincike yakan ce kallon da ya fi na yanzu tarbiyya, Hausarsa ta fi tsafta, kuma ana yin sa cikin kwanciyar hankali. Ra'ayin wannan nazari shi ne, maganganu biyu na farko ba su da ƙarfi sosai idan aka koma ga ayyukan. Ta ukun ita ce gaskiya tsagwaronta, kuma ita ce ta rina sauran biyun har suka yi kama da gaskiya.

4.2 Majigi da Maganar Tarbiyya

Mafi yawan waɗanda aka zanta da su ba a gidan silima suka fara kallo ba. Silima ta birni ce, sai wanda fatauci ko cin rani ya kai shi Kano ko Kaduna ko Zariya yakan dawo da labarinta. Abin da ya iske mutanen karkara har gida shi ne majigi, wato motar gwamnati mai ɗauke da na'ura da farin ƙyalle, wadda kan sauka a ƙofar gidan hakimi ko a filin makarantar firamare. Bayan sallar isha'i sai gari ya hallara, maza gefe, mata gefe, yara a gaba a kan ƙasa, mai fassara kuma yana bayani da lasifika.

Fim ɗin da aka fi ambata daga wannan zamani shi ne Baban Larai, na shekarun 1950, wanda jigonsa kira ne ga noman auduga. Ba abin mamaki ba ne a tuna da shi a nan, domin wannan yanki ƙasar auduga ce, kuma Funtuwa mai injin gurzar auduga da tashar jirgin ƙasa tana kusa. To amma idan aka ce fim ɗin na tarbiyya ne, sai a tambaya, tarbiyyar wa? Finafinan majigi an tsara su ne a ofisoshin gwamnati domin biyan buƙatar gwamnati. Da yawansu zubinsu iri ɗaya ne: ga mutum mai hankali da ya bi shawarar malamin gona ko malamin tsafta ya ci riba, ga kuma wawa da ya ƙi bi ya yi asara. A irin wannan zubi ba a ba manomi bakin magana. Ba a nuna shi yana tambayar wanda ke yanka farashin audugar, ko yana lissafin abin da zai ci idan ya rage gonar dawa ya ƙara ta auduga. Don haka abin da ya fi dacewa a kira wannan jigo shi ne gargaɗi da jan ra'ayi, ba tarbiyya ba. Wannan ba ya nufin finafinan ba su yi amfani ba, musamman waɗanda suka shafi rigakafi da tsaftar ruwan sha.

Haka kuma ya kamata a tuna cewa silimar da ake yabo a yau, a zamaninta abin kunya ce. Larkin, a littafinsa na 2008 a kan kafofin watsa labarai a Kano, ya nuna yadda malamai da iyaye suka ɗauki gidan silima a matsayin matattarar 'yan iska. Wato zargin da dattijon yau yake yi wa finafinan Kano da na waya, shi ne dai aka yi wa nasa kallon lokacin yana saurayi.

4.3 Samanja da Maganar Tsaftar Hausa

Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma har zuwa 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina waɗannan garuruwa a ƙarƙashin Kaduna suke. Akwatin talabijin bai yawaita ba. A unguwa guda da wuya a sami fiye da ɗaya ko biyu, galibi a gidan wani alhaji ko ma'aikaci, a jona da batirin mota a fito da shi ƙofar gida. A nan aka san su Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Fategi, da Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Bodara.

Game da tsaftar harshe, Samanja kaɗai ya isa misali. Tauraron wasan tsohon soja ne, ɗan asalin Fategi ta Jihar Kwara, kuma duk armashin wasan ya dogara ne a kan Hausar bariki, mai gauraye da Turancin buroka, mai mayar da mace namiji da namiji mace. Da a ce za a tace wannan Hausa a mayar da ita daidaitacciya, da wasan ya mutu nan take. Gwanintar Samanja ita ce ya ɗauki harshen da Bahaushen gari ke rainawa ya mayar da shi salo, har mai kallo ya so sojan da yake tsoro a kan hanya. Ita ma wannan ba a banza ba ce, domin an yi yawancin wasan ne a zamanin mulkin soja, a tashar gwamnati. Saboda haka wanda ya ce yana begen Samanja don tsaftar Hausarsa, ko dai ya manta wasan, ko kuma wani abu dabam yake bege bai ambaci sunansa ba.

4.4 Sholay a Idon Jiya da Idon Yau

A nan ne maganar ta fi nauyi, don haka za a ɗan tsawaita. Finafinan Indiya sun shigo Arewa tun shekarun 1950 ta hannun Kwarori masu gidajen silima, daga baya talabijin da kaset na bidiyo suka kai su ƙauyuka. Hausawa sun karɓe su har suka laƙa wa taurarinsu sunaye, kamar Dharmendra da ake kira Sarkin Ƙarfi. Daga cikin waɗanda aka fi ambata a wannan bincike akwai Mother India na 1957 da Sholay na 1975. Na farkon labarin wata manomiya ce da bashin mai kuɗin ƙauye ya cinye mata gona, abin da duk wanda ya taɓa cin bashi da damina don ya biya da kaka zai gane ba tare da fassara ba. Amma Sholay shi ne ya fi dacewa a warware.

Labarin ya faru ne a wani ƙauye mai suna Ramgarh, wanda ke gindin duwatsu. A cikin duwatsun akwai wani ƙasurgumin ɗan fashi, Gabbar Singh, wanda yake aiko yaransa bisa dawaki su karɓi hatsi daga manoma a matsayin kuɗin zaman lafiya. Wani tsohon jami'in 'yan sanda, Thakur, wanda Gabbar ya kashe wa iyali kuma ya datse wa hannuwa biyu, sai ya ɗauko hayar wasu ɓarayi biyu da ya san jarumtarsu, Jai da Veeru, domin su kamo masa shi da rai. Suka kori masu karɓar hatsi. Gabbar ya rama da kai hari ana tsakiyar bikin shekara. Daga baya ya kama Ahmad, ɗan limamin garin, wanda ya fita neman aiki, ya kashe shi, ya ɗora gawar a kan doki ya koro ta gida tare da saƙon cewa a miƙa masa baƙin nan biyu ko kuwa kisa ya ci gaba. Nan gari ya rabu: wasu suka ce a miƙa su a huta, har sai da limamin, makaho mai ɗa ɗaya tilo, ya yi magana kafin aka sake shawara.

Dattawan da suka kalli wannan fim a shekarun 1980 sun bayyana cewa abin da ya tsaya musu a rai shi ne waƙoƙi da barkwancin Veeru da faɗan kan jirgin ƙasa. Gabbar a wurinsu kamar dodon tatsuniya ne, abin tsoro mai daɗin ji, domin ka san da an tashi daga kallo gida za ka tafi ka kwanta ƙofa a buɗe. Har yara kan kwaikwayi dariyarsa a dandali. To, mutumin Faskari ko Sabuwa na wannan ƙarni ba zai iya kallonsa da wannan ido ba. A shekarun da suka biyo bayan 2015 ƙauyuka da dama na yankin sun san biyan kuɗi kafin a yi shuka da kuma kafin a yi girbi. Sun san babura a madadin dawaki. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Gardamar mutanen Ramgarh, ta a yi sulhu ko a yi fito-na-fito, gardama ce da aka sha yi a zaurukan masu unguwanni na wannan yanki. Fim ɗin bai sauya ba ko da ƙiftawar ido, masu kallo ne abin ya iske.

Idan aka dubi fim ɗin da wannan sabon ido, za a ga ƙarfinsa da rauninsa sun fi fitowa. Ƙarfinsa shi ne ya gane cewa makamin ɗan fashi na farko tsoro ne ba bindiga ba. Shi ya sa Gabbar ya harbe yaransa uku da suka dawo hannu rabbana, don kada sunansa ya yi sanyi a ƙauyuka. Rauninsa kuwa yana cikin maganin da ya kawo. Fim ɗin ya ɗora matsalar gaba ɗaya a kan muguntar mutum guda, wanda ba a nuna asalinsa ko dalilin shigarsa daji ba, ba a kuma nuna wanda ke sayar masa da abinci ko ke kai masa rahoto daga cikin gari ba. Da an kama shi, shi ke nan labari ya ƙare. Haka kuma ya nuna cewa jarumai biyu masu bindiga da aka ɗauko haya sun isa su tsare gari, ba tare da sun taɓa kashe wanda bai ji bai gani ba. Duk wanda ya bi tarihin 'yan sa-kai a Katsina da Zamfara ya san ramuwar gayya ba ta tafiya a kan layi haka. Wani abin lura shi ne, a asalin fim ɗin Thakur ne ya kashe Gabbar da kansa, amma hukumar tace finafinai ta Indiya ta sa aka sauya, aka kawo 'yan sanda a ƙarshe suka tafi da shi. Wasu matasa da aka kalli fim ɗin tare da su a lokacin bincike, zuwan 'yan sandan bayan an gama komai ne kawai wurin da ya ba su dariya.

4.5 Abin da Ake Bege

Akwai wata alama da ta ƙara tabbatar da ra'ayin wannan babi. Idan aka bar dattijo ya ci gaba da labari ba a katse shi ba, ba ya daɗewa a kan fim ɗin. Sai ka ji ya koma kan tafiyar da suka yi da ƙafa daga ƙauyensu cikin farin wata don su riski majigi, da mai ƙosai da mai rake a bakin fili, da dawowa tsakar dare ana waƙa. Daga nan sai ya zarce zuwa lilon da ake kafawa ranar sallah, da masu wasa da kura, da dambe da kalankuwa bayan kaka. Yaran birni suna da gidan zu na Kano da wuraren wasa masu injin juyawa, amma yaron Sabuwa wurin shaƙatawarsa shi ne dandali, kuma majigi da talabijin ɗin ƙofar gida a cikin dandalin nan suka sami mazauni. Mai wannan bincike ma ya riski ƙarshen abin, lokacin da ake biyan naira goma a shiga gidan kallo a zauna a benci har janareto ya ƙare mai. Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Su finafinan ba su ɓata ba. Sholay da Mother India da guntayen Samanja duk ana samun su a wurin masu tura finafinai a katin waya, wasu ma an yi musu fassarar Hausa. Da fim ɗin ake bege, da naira ɗari ta kashe ƙishin. Ko wannan kallo na waya sai da ya sami tangarɗa a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku, aka kuma hana sana'ar cajin waya, alhali a rumfunan cajin ne galibi ake tura finafinan. Wani magidanci a Faskari ya bayyana cewa yana da Sholay a wayarsa, yakan kalle shi a ɗaki shi kaɗai da abin sauraro a kunne don kada ƙarar harbi ta tayar wa iyalinsa da hankali, kuma idan an zo wurin da doki ke shigowa gari da gawar ɗan liman, yakan tura gaba.