Wai Ganye Ba Ya Cutarwa?

'Yan'uwana mata, akwai wata magana da ta zauna mana a baki, kuma ni dai ba ta kwanta mini ba. Da an miƙo ƙullin magani sai ki ji an ce, "Sha abinki, ai itace ne, in bai yi magani ba ba zai cutar ba." Haba jama'a! Zaƙami ma ai tsiro ne, a bayan gida yake fitowa, amma wace ce a cikinmu za ta jiƙa 'ya'yansa ta ba ɗanta?

Kada a ɗauka ina ƙin maganin gargajiya ne. Macen Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunci da ta wuni tana surfe da daka, ta tsinke gyaɗa, ta kwana da goyo, dole bayanta da ƙugunta su yi ƙara. Asibiti da nisa, kuɗin mota ma aiki ne. Abin da ke cikin kwallar kayan yajinta shi ne na kusa, kuma wasunsu wallahi suna aiki. Kanumfari yana da wani mai da ke kashe zafin haƙori, likitocin haƙori ma da shi suke amfani. Citta kuwa, a shekarar 2009 an gwada ta a kan 'yan mata ɗalibai masu ciwon mara a ƙasar Iran, garinta kaɗan sau 4 a rana har kwana 3, aka ga ta sauƙaƙa musu kusan kamar ƙwayar asibiti. Abin da ke sa barkono yaji, Turawa sun tace shi suna zubawa a man shafawa na ciwon gaɓoɓi. Ita kanta asfirin da kamfanin Bayer na Jamus ya fito da ita kasuwa a 1899, asalin iliminta daga ɓawon itace ne. To kin ga iyayenmu ba shirme suka yi ba da suke murza man kaɗanya a gwiwa, ko su dafa bagaruwa mai jego ta zauna a ciki.

Inda nake da ja shi ne wajen masu mota da lasifika, waɗanda ke kafa tuta ranar kasuwa. Ƙulli ɗaya wai yana maganin sanyi, basir, shawara, ciwon baya, ciwon mara, har da rashin haihuwa. Wane irin itace ne wannan? Tsohuwar da ta haɗa miki sassaƙe a ƙauye kin san gidanta, kin san bishiyar da ta sara, in abu ya ɓaci akwai inda za a koma. Shi kuwa mai lasifika yau yana nan, gobe yana wata kasuwa. Ki tambaye shi me ke cikin garin, sai ya ce sirri ne ya gada.

Wani sirrin kuwa ba na kaka ba ne, na kemis ne. A ƙasashe da dama masu bincike sun sha gano ƙwayoyin Bature da aka daka aka cuɗa cikin garin gargajiya, musamman irin su diclofenac da dexamethasone. Shi ya sa za ki sha da safe, kafin azahar ciwo ya ɗauke cak, ki yi ta sa wa mai magani albarka. Amma ta farkon tana cin bangon ciki ta jawo gyambo, tana kuma wahalar da ƙoda. Ta biyun in aka daɗe ana sha fuska ta cika ta yi fam, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Sai maƙwabta su ce ai Hajiya ta samu hutu ta yi ƙiba, alhali cuta ce.

Wasu kuma kan nuna lambar NAFDAC a jikin kwalba su ce gwamnati ta shaida. Hukumar nan da aka kafa a 1993, lambar da take ba yawancin magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba ba a ga guba a ciki ba, amma ba a tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa ba. Ƙullin leda kuwa ko wannan ma ba shi da ita.

Sai batun jego, wanda na san zan sha harara a kansa. Ruwan zafi da ganyen darbejiya ko runhu yana sassauta jiki, ban musa ba. Amma kunun kanwa kwano-kwano har kwana 40 fa? Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta abin da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, har da rashin abinci mai gina jiki. Duk da haka, mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki in ta kwanta, ƙara mata kanwa ƙara wa zuciyarta kaya ne. Ba "sanyi ne ya shige ta" ba, asibiti za a kai ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne kashe ciwon da ya zo da saƙo. Mai ciki ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, sai a jiƙa mata saiwa ta sha ta kwanta. Wannan fa sau da yawa hawan jini ne, abin da ke biyo baya jijjiga ce. Haka wadda wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, sai mara ta murɗa mata a gefe ɗaya har da jiri, mai yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, in ya fashe jini a ciki yake zuba. Waɗannan biyun ko dare ne a tashi Maigida ya nemo abin hawa, citta da kanumfari su jira a dawo.