Gwanayen Shelar Sabon Masauki

A karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, gona na manne da gona, kuma da wuya yau ka ci kasuwar ƙauye ba ka ga mai POS a ƙarƙashin lema ba. Manomi ya sayar da buhun gero ko ɗan akuya a tura masa kuɗi, ya je sayen taki ya miƙa kati. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara cusa mutane cikin wannan harka. Dukan wannan ciniki yana rataye ne da manyan kwamfutoci da ke cibiyoyin ajiyar bayanai, irin waɗanda ke Legas da Abuja, har da Kano, inda aka buɗe cibiyar Galaxy Backbone a watan Janairun 2023. A irin waɗannan wurare akwai wata gwaninta da ba a ganinta, domin in an yi ta daidai babu wanda zai san an yi komai.

Babbar kwamfuta guda, wadda ake kira uwar garke, tana iya ɗaukar kwamfutoci da dama a cikinta, waɗanda ba su da gangar jiki, manhaja ce zalla. Masu sana'ar na kiran babbar mai masauki, ƙananan kuma baƙi. Cikin manhajojin da ke wannan aiki akwai QEMU, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2003, tana tafiya tare da KVM da ya shiga cikin Linux a 2007. Idan mai masauki na bukatar gyara, ko kaya sun yi masa yawa, sai a kwashe baƙon a kai shi wani masaukin ba tare da an kashe shi ba. Ana kwafar abin da ke ƙwaƙwalwarsa yana cikin aiki, a dawo a sake kwafar abin da ya canza, har saura ya zama ɗan kaɗan. Daga nan a tsayar da shi na ƙiftawar ido, a tura ragowar, ya farka a can ya ci gaba daga inda ya tsaya. Tun a 2005 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka nuna, da manhajar Xen, cewa tsayawar na iya zama milisakan 60 kacal. Milisakan dubu ne ke yin daƙiƙa ɗaya.

To, baƙo ya tare a sabon gida, amma masu kawo masa saƙo ba su sani ba. Kwamfutocin cibiyar suna haɗe ne ta na'urar rarraba saƙo mai ƙofofi da yawa, wadda ake kira suwic. Kowace kwamfuta na da lambar shaida ta MAC, suwic kuma yana rubuta ta ƙofar da ya ji muryar kowace lamba. Muddin baƙon bai yi magana ta sabuwar ƙofa ba, suwic zai ci gaba da zuba saƙonsa a tsohon gida. A yawancin waɗannan na'urori sai an yi daƙiƙa 300, wato minti 5, kafin su manta da tsohon rubutu. Minti biyar a layin mai POS ranar kasuwa ya isa a yi cacar baki, mai kaya ya riƙe kayansa, mai kuɗi ya rantse an cire masa.

Maganin shi ne shela. Da zarar ƙaura ta kammala, QEMU na fitar da wani ɗan saƙo mai suna RARP, ɗauke da lambar baƙon, zuwa ga kowa da kowa. Duk suwic ɗin da ya ji, sai ya goge tsohuwar ƙofa ya rubuta sabuwa. Ana yin shelar sau 5, tazarar da ke tsakani tana ƙaruwa: milisakan 50, sai 150, sai 250, sai 350. Kafin daƙiƙa ɗaya ta cika an gama. Idan baƙon na amfani da katin sadarwa na virtio, akan umarce shi ya yi shelar da bakinsa ta saƙon ARP, domin shi ya san adireshinsa na IP da rassan hanyar da yake kai, abin da QEMU ba ta gani daga waje.

Shekara da shekaru waɗannan lambobi na kafe a cikin manhajar, ba mai taɓa su sai wanda zai sake rubuta ta. Da cibiyoyi suka girma, sai matsala ta bayyana. A wasu wuraren wata manhaja ce ke shimfiɗa wa baƙo hanya zuwa sabon masauki, kuma takan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ta gama. Shela biyar ɗin sai su fita tun hanya na rufe, su tafi a banza. Mai shelar dagaci ya san wannan karatun: ba ya fita da hantsin damina lokacin da kowa na bakin noma, yakan bari sai an dawo an yi sallar magariba, sannan ya bi unguwa-unguwa yana maimaitawa.

A QEMU 4.0, wadda ta fito a Afrilun 2019, aikin David Alan Gilbert da Vladislav Yasevich ya miƙa wa injiniya linzami huɗu: tazarar farko, abin da ake ƙarawa a kowane zagaye, iyakar da tazara ba za ta wuce ba, da yawan zagaye. In bai taɓa komai ba, suna nan a 50, 100, 550 da 5. An kuma ƙara umarnin da zai sa a sake shelar a duk lokacin da aka ga dama, ko ba a yi ƙaura ba.

A nan hannun gwani ke fitowa. Ba ya zaɓar lamba da ka. Sai ya ɗauki baƙon gwaji, ya sa wata kwamfuta ta yi ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da saƙon gwaji na ping, ya buɗe manhajar tcpdump yana kallon abin da ke wucewa, sannan ya yi ƙaurar. Idonsa na kan abu biyu: lokacin da shelar ƙarshe ta fita, da lokacin da hanya ta buɗe. In ya ga hanyar na cin daƙiƙa 3, ya san shelar da ke ƙarewa a milisakan 800 ba ta da amfani, sai ya ƙara zagaye har su zarce daƙiƙa ukun da rara. Amma ba ya yin ganganci. Shela saƙo ne da ke isa ga kowa, in aka kwashe baƙi ɗari a dare guda kowanne na ta kururuwa, hayaniyar kan cika hanya. In kuma ya buɗa tazara da yawa, hanya na iya buɗewa baƙon ya zauna jiran zagaye na gaba. Shi ya sa iyakar tazara ke da muhimmanci. Gwani yakan maimaita gwajin da tsakar dare da kuma lokacin cunkoso, ya rubuta abin da ya gani, kafin ya taɓa baƙon da kuɗin mutane ke bi ta kansa.

Wannan ilimi ba a kulle yake ba. QEMU da KVM kyauta ne, rubutunsu a buɗe yake ga mai son karantawa. Ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi ko a Jami'ar Bayero, in ya sami kwamfuta biyu da ƙaramin suwic, zai iya yin ƙaurar da hannunsa ya ga shelar na fita ɗaya bayan ɗaya. Matasanmu su zage damtse su koya, domin cibiyoyin da ke riƙe da cinikin iyayensu na bukatar masu wannan hannu.